Dillali a Kujerar Rifkatu

Shekara talatin da baki nake ci a Tudun Hatsi.
Buhun wake ba ya sauka daga mota
sai harshena ya riga shi dira.
Ni ne Manu, in na ce "albarka"
mai saye ya sake laluba aljihu.

Yau ga ni rigingine,
hula a kan tumbi,
fitila a ido kamar an kama ɓarawon kaji.
Bakin da ya gagari fataken Kumo da na Dukku
an wangale shi, an cusa masa ƙarfe
da wani ɗan tiyo mai zuƙar yawu.

Sai yanzu ta ga damar cewa,
"Baba, nawa tiyar wake a kasuwa?"

Wayyo!
Tambayar da nake kwana da amsarta,
fari daban, ja daban, na bara mai ƙwari daban.
Na ce, "Aaa."
Ta ce, "Haka na ji, wai ya hau."

Tana kankare goron shekara talatin,
ƙyar, ƙyar, kamar mai wanke ƙanzon tukunya,
tana ba ni labarin Kaltungo:
akuyar babarta da ta cinye takardar gona,
ɗanta Ishaku da ya rantse ba shi ba takalmi,
mai Keke da ya caje ta kuɗin mutum biyu
daga Tumfure, don jakarta ta zauna.
Ban san sanda na saki hannun kujera ba.
Ina can wajen akuya.

Ta isa wani turmi can ƙurya,
zafi ya harba har ƙeya.
"Sannu, Baba. Yara nawa Allah ya ba ka?"
Na ɗaga yatsu, biyar da biyu.
Sai ɗaya ya lanƙwashe da kansa.

Injin ya yi shiru.
Ta bisa takunkumi idonta kawai nake gani.
Ta dubi yatsan, ba ta ce yaushe ba,
ba ta ce me ya same shi ba.
"Allah ya ƙara haƙuri," ta ce,
ta sa auduga ta share gefen idona
kamar ruwan injin ne ya fantsama.
Wata tara kasuwa ba ta lura ba.

"Kurkure."
Na tofar da ja, goro da jini.
Da na samu bakina na ce, "'Yar nan,
wane irin ciniki ne wannan,
ki taya, ki hana mai kaya magana?"

Ta yi dariya tana tuɓe safar hannu.
"Ba amsa nake nema ba, Baba.
Wanda ya kwanta nan ya ba da bakinsa aro,
ba ya iya cewa wayyo, ba ya iya cewa bari.
In na yi shiru, shi da ƙarar ƙarfe ne kaɗai.
Aaa ɗin nan da kake yi, iri-iri ne:
akwai na e, akwai na tsoro,
akwai na cire hannunki.
Da shi nake gane inda zan taka a hankali.
Kuma ni ma, tun safe haƙora nake kallo,
ina so in tuna na mutum ne."

Na fito Jekadafari da la'asar,
iska na ratsa tsakanin haƙorana
ta ƙofofin da na manta akwai su.
Harshe na ta zagaye, baƙo a gidansa.

Washegari wani manomi daga Bajoga
ya kawo buhu uku, ya tsaya yana murza hula.
Na buɗe baki zan sare farashi,
sai na ji na ce, "Yaya yara?"
Ya ɗaga yatsu.
Na tsaya na ƙirga.